Ruwan Ramin Toka da Ƙafar Larai

Assalamu alaikum, matan barikin leburori na duk tashoshin da ke kan layin nan. Sunana Hajara, daga tashar Gindin Dutse. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, shekara ɗaya da 'yan watanni, don haka wadda ta ga harafi ya karkace ta miƙe shi a zuciyarta ta wuce. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba. Na san labarina ya riga ni isa wurinku a bakin masu birkin jirgi da masu tallar dafaffen ƙwai, wai ni ce matar da ta kai ƙarar mijinta, ta sa aka kulle wa bariki guda famfo. To, ga shi daga bakina. Ba neman gafara na zo yi ba.

Tasharmu ƙarama ce. Ɗakuna takwas na kwano a jere, ofishin shugaban tasha da muke ce wa Masta, tankin ruwa a kan dogayen ƙafafun ƙarfe, sai dutsen da ya tsaya a bayanmu yana tare mana rana da yamma. Daga can kuma gonaki ne har iyakar gani. Jirgi yana zuwa daga birni ran Laraba da Asabar, ya komo Alhamis da Lahadi. Saboda hawan da ke gabansa, dole ya tsaya a wurinmu ya sha ruwa, a kuma sauke masa tokar cikinsa. Aikin maigidana ke nan. Zai kwashe tokar da shebur ya zuba a wani babban rami a gefen layi, sannan ya juye mata ruwa garwa biyu don ta mutu. Haka doka ta ce.

Ni 'yar wajen Shanono ce, ban taɓa ganin jirgi ba sai da aure ya kawo ni. Amma 'ya'yanmu da shi suka buɗe ido. Kafin yaro ya iya ƙirga yatsunsa ya san Laraba. Su kan kwanta su ɗora kunne a kan ƙarfe su ce yana tafe, alhali ko hayaƙi ba a hango ba. Su kan jera murafan kwalba a kan layi jirgi ya take musu, su huda su yi abin wuya. 'Yata ta fari, wadda muke kira Larai don ran Laraba aka haife ta jirgi na tsaye, shekararta huɗu a lokacin. Direbobi sun san ta. Akwai wani mai ƙaton gashin baki da yake busa mata usur sau biyu, ita kuma ta yi tsalle ta ce nata ne.

Sai damina ta gaza shekara biyu a jere. Ba sai na faɗa muku ba, kun gani. Gyaɗa ta ƙone a ƙasa, gero ya tsaya iya gwiwa. Rijiyar bariki ta ƙafe har muna hango ƙasanta. Wadda ta rage tana bayan dutse, tafiya ce ta fita da asuba a dawo da hantsi, a can ma sai an yi jiran ruwa ya taru. Ruwan tanki kuwa na jirgi ne. Masta ya yanka wa kowane ɗaki garwa ɗaya a yini, a sha, a yi tuwo, a yi alwala, a wanke jariri.

Yanzu zan faɗi abin da masu ba da labarina ba su sani ba, wanda da sun sani da sun ƙara jin daɗin zagina. Ni ce na fara. Wata Alhamis na tsaya a bakin zana ina kallon maigidana yana juye ruwa mai sanyi garwa biyu a kan toka, tururi na tashi, ni kuwa randata ko kare ya leƙa ba zai jiƙa hanci ba. Da ya shigo na ce masa, "Malam, toka ce ta fi mu ƙishirwa?" Ya yi dariya. Ran Asabar sai ga shi da garwa biyu a ɗaki.

Cikin mako biyu bariki duk an sani. Heluma, wato shugaban leburori, Baba Garba, ya tsara abin: yau wannan ɗaki, gobe wancan. Garwa biyu ta koma huɗu, ta koma shida, duk da sunan toka ake ɗiba. Kuma muka gane ƙonannen kwal ɗin da yara ke tsinto mana a ramin, tunda itace ya yi wuya, ya fi saurin kamawa idan ba a jiƙa shi ba. Riba biyu. Aka dai ja wa yara kunne kada su shiga ramin sai ya kwana. Wata takwas muna haka, ba abin da ya faru, har muka manta laifi ne.

Ga abin da nake so ku riƙe ko da kun zubar da sauran: tokar jirgi ba tokar murhu ba ce. Samanta zai yi fari fat, ki taɓa ki ji sanyi, kaza ma ta bi ta kai. Amma ƙarƙashinta wuta ce ja, tana iya kwana biyu da ranta.

Ran Juma'a da hantsi ina tankaɗe. Larai ta ɗauki 'yar ƙwaryarta ta bi manyan yara. Su suna tsinta a gefe. Ita ta hango wani ƙaton dunƙule a tsakiya, ta ce za ta kawo wa Inna babba. Taku ɗaya ta yi. Ƙafar hagu ta nutse har idon sawu.

Ban san kukan 'yata ba ne. Na ɗauka akuya ce kare ya kama. Saratu, matar mai kula da injin famfo, ita ta fi kusa, ita ta fizgo ta. Saratu Kirista ce, 'yar ƙauyukan bayan Rimin Gado, ta taɓa yin shara a ɗakin magani na mishan tana budurwa. Ta shigo da ita a guje tana cewa, "Ruwa, Hajara! Ruwa mai sanyi, kada ki sa komai sai ruwa!" Na jawo garwar da ke bayan ƙofa muka tsoma ƙafar. Sai da ƙafar ke ciki na tuna wace garwa ce. Ta jiya ce. Rabonmu na ruwan toka.

Saratu ta ce, "Gobe Asabar jirgi gabas zai yi. Jibi Lahadi ki bi shi birni. Wannan ba ta gida ba ce."

Kafin azahar Baba Garba ya yi sallama. Ya duba ƙafar, ya ce sannu, ya ce Allah ya ƙara kiyayewa. Sannan ya zauna a kan turmi ya yi magana a hankali, kamar mai lallashin jaki a bakin rafi. Ya ce iyalin ma'aikaci ba ya hawa jirgi zuwa asibiti sai da takardar Masta. Masta kuwa ba yaro ba ne, da ya ga ƙuna ƙafa ɗaya har idon sawu ya san rami ne. Zai tambaya ko an zuba ruwa. Daga nan aikin mijinki ya tafi, nawa ya tafi, ruwan ɗaki takwas ya tafi. Ya ce, "Ke 'yata, shekara ashirin ina kan layi. Wace irin ƙuna ce ban gani ba? Maganinmu yana hannunmu."

Maganin shi ne baƙin mai, wanda ake ɗura wa ƙafafun tarago. Kun san shi, mazanku duk sun yi imani da shi. Wanda ya yanke, baƙin mai. Wanda ya ƙone, baƙin mai. Ya nuna mini tabo a damtsensa ya ce shi ya warkar da shi. Na dubi maigidana. Ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Na yi shiru, aka shafa. Wannan shirun shi ne abin da ban yafe wa kaina ba, ba zuwa wurin Masta ba.

Makon farko ƙafar ta yi bororo manya-manya, suka fashe, fatar ta saɓule kamar ta dafaffen dankali. Kullum safe da yamma a shafa mai. Larai ta daina kuka mai ƙarfi, sai wani siririn nishi. Idan Masta ya zagayo bayan bariki, matan sai su tsaya a ƙofata suna hira da ƙarfi. Kowa ya zama mai kirki. Uwani, matar heluma, har kunu take aiko mini, ita da ko gishiri ba ta ba da aro. Lahadi jirgi ya tsaya, direba mai gashin baki ya busa sau biyu. Larai ta ɗaga kai daga tabarma ta ce, "Inna, nawa ne." Ya sake busawa, ya tafi. Saratu ta leƙo ta dube ni.

Mako na biyu uwar mijina ta iso daga ƙauye a kan jaki. Ta ce mai na masu jirgi ne, ita ba ta san shi ba. Ta sa aka goge, Larai na ihu har muryarta ta dushe, aka shafa zuma da garin wani sassaƙe, aka rufe da ganye. Bayan kwana biyu Baba Garba ya ce ai zumar ce ta jawo ƙuda, aka koma mai a kan zuma. Wani lebura ya ce kashin shanu ɗanye. Wannan na ce sai dai a shafa mini a fuska.

Ni mai yawan duba ce, har ana mini dariya a kai. Kullum ina auna ƙafar da zare. Ran Litinin zaren ya zagaye ƙwauri da saura. Ran Laraba ya zagaye daidai. Ran Juma'a bai haɗu ba. Kaluluwa ta fito mata a matsematsi kamar ƙwan zabuwa. Jikinta ya yi zafi, ta ƙi tuwo, ta ƙi kunu, ruwa kawai. Sai wari. Da farko na ce man ne. Amma na san warin mai, shekara biyar ina wanke shi a rigar mijina. Wannan daban ne. Na kai ta bakin ƙofa inda haske yake, na goge man a hankali da tsumma daga kan yatsu. Ƙananan biyu na gefe, baƙinsu bai gogu ba. Na matsa ɗan ƙaramin da farce. Ba ta motsa ba.

Na ce, "Larai, kin ji?"

Ta ce, "Me?"

Na fita tsakar gida na ce wa uwar mijina jibi Lahadi zan kai ta birni. Ta ajiye tsintsiya ta ce, "Ke ba ki da kunya ne? A kan 'yar fari kike wannan rawar jiki? Mu a zamaninmu ko kallon ɗan fari ba ma yi a gaban mutane."

Na ce, "Inna, kunyar nan na yi ta shekara huɗu, ko sunanta na yanka ban taɓa kira ba. Amma kunya ba za ta ba ta ƙafa ba."

"Za ki raba ɗana da abincinsa a wannan shekara? Kin san mutum nawa ke ci daga albashin nan? Mu can ƙauye ganye muke dafawa."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa maganar ta yi mini ciwo. Buhun da yake aika musu duk wata shi ya riƙe gidan. Na ce dai zan tafi.

Ran Asabar mata suka taru a ɗakina. Da suka ga ba zan tanƙwaru ba, Uwani ta ce, "To in dole ne, ki ce murhu ta faɗa. Ki rantse masa in ya so. Allah ya san dalili." Na ce to. Kuma har ga Allah da niyyar ƙaryar na kwana. Maigidana bai ce je ki ba, bai ce kada ki je ba. Ya ce, "Hajara, ni ban san abin da zan yi ba." Shekara biyar ban taɓa jin ya faɗi haka ba.

Lahadi da safe, kwana goma sha shida da ƙunar, na goya ta, na bar ƙafar a waje, na yafa mayafi na ratsa filin tasha kowa na kallo. Ban taɓa taka dakalin ofishin nan ba. Masta mutumin kudu ne, ya tsufa a Arewa, Hausarsa ta fi ta wasu Hausawan. Ya ce in sauke ta a kan benci. Ya ɗaga tsumman, ya mayar da kansa baya, ya sa hankici a hanci.

"Yaushe?"

"Kwana goma sha shida."

"Sha shida! A ina?"

"Murhu."

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "Matar Ilu, murhun naku rijiya ce? Wane murhu ne yake haɗiye ƙafa har idon sawu ya bar hannu?" Ya jawo takardu biyu daga aljihun tebur, fara da ja, ya ajiye a gabana. Ya ce, "Ki saurara, ba na son in cuce ki. Farar nan ta ciwon gida ce. In na cika ta, yau za ta tafi birni a sa hannu, ta dawo Laraba ko Asabar, ku tafi a jirgin da ya biyo. Jar nan ta wanda ya ji rauni a filin reluwe ce. Ita ba ta jiran kowa. In na cika ta, jirgin da ke tafe yanzu zan sa ku. Amma sai na rubuta yadda aka yi, kuma sai an zo an bincika."

Ta taga ina hango mazan bariki sun tsaya da shebur da diga sun daina aiki. Ina hango mata a bakin zana. Ƙarfen layi ya fara wannan ƙaramin kukan da yara ke ji kafin manya. Larai na kwance a benci idonta rabi a buɗe, ta ce, "Yana tafe."

Na ce, "Ranka ya daɗe, cika jar. Ramin toka ne."

"An zuba wa tokar ruwa?"

"Ba a zuba ba. Wata takwas ba a zuba ba. Ruwan yana cikin randunanmu. Kuma ni na fara ba da shawarar."

Ya aika aka kira maigidana. Ya shigo da shebur a hannu, ya manta bai ajiye ba. Masta ya ce, "Ilu, ka ji abin da matarka ta ce?" Na ɗauka zai ce ƙarya nake. Ya dubi yatsun nan biyu, ina jin ranar ya fara ganinsu babu mai a kai. Ya ce, "Gaskiya ta faɗa, ranka ya daɗe." Ya jingine shebur, ya ɗauki yarinyar, shi ya kai ta har taragon mai gadin jirgi. Da muka ratsa, Baba Garba ya tofar da yawu a gefe. Saratu kaɗai ta biyo mu, ta cusa mini ƙullin garin rogo da ƙuli-ƙuli ta taga.

Mun isa birni bayan la'asar. Ban taɓa ganin mutane da yawa haka ba, kuma rabinsu yunwa ce ta koro su kamar mu. A asibiti aka ce masu ba da kati sun tashi. Na nuna jar takarda, mai gadi ya juya ta sama da ƙasa ya ce in dawo da safe. Na zauna a ƙofar na kwance ƙafar na bar ta a buɗe, duk wanda zai wuce sai ya toshe hanci. Na ce ba inda za ni. Wata nas da ta tashi aiki, har ta rataya jaka, ta tsaya ta duba, ta ce, "Wace dabba ce ta shafa wa yarinya baƙin mai?" Na ce, "Ni ce uwarta." Ta zage ni tas a gaban jama'a. Sannan ta ajiye jakar, ta ɗauki Larai da hannunta ta shige da ita ta ƙofar baya. Zagin nan har yau yana mini zafi, kuma har yau ina sa ta a addu'a. Ban san sunanta ba.

Washegari likita ya zo, wani saurayi siriri mai tabarau. Ya daɗe yana dubawa. Ya tambayi kwana nawa, na faɗa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi, "Wuta fata ta ci. Jira ne ya ci yatsun." Ya ce biyun nan sun mutu sai an cire. Ya ce sauran ƙafar za su gwada, amma da mun ƙara kwana uku ko huɗu, da daga gwiwa za a yi maganar. Na ƙirga a zuciyata. Farar takarda, mafi sauri, Alhamis za ta sa mu a jirgi.

Mako na uku da na huɗu wankin ciwo ne kullum da safe. Sai mutum biyu sun danne ta, ni ce ta uku. Tana kallon idona tana cewa, "Inna, ki ce su bari." Ni kuma ina cewa su ci gaba. Allura safe da yamma har ɗuwawunta ya yi tauri. Gado ɗaya yara biyu, uwaye a ƙasa a kan tabarma. Takardar reluwe ta ɗauke mana kuɗin gado da na aiki, amma sau biyu aka ce maganin ya ƙare sai a kanti. Abinci kuwa a bakin ƙofar asibiti kamar zinariya ake sayarwa. Na aika gida aka sayar da akuyata, daga baya tasoshin aurena suka bi ta. Wata tsohuwa mai jinyar jikanta a gado na kusa ita ta riƙa raba kununta da ni, tana ce mini 'yar jirgi. Allah ya saka mata. Masu shara kuwa da suke kwara mana ruwa a tabarma ba sallama, su ma Allah ya saka musu daidai aikinsu.

Mako na biyar zazzaɓi ya sauka, kaluluwa ta baje, ciwon ya yi ja mai kyau. Aka yanko fata daga cinyarta aka dasa a bayan ƙafar. Ban taɓa jin ana dasa fata kamar albasa ba. Gefe ɗaya ya ƙi kamawa aka sake. A makon ne ta ce tana son ƙosai. Na fita na saya ina kuka a titi kamar mahaukaciya.

Maigidana ya zo sau ɗaya, a mako na shida. Ya rame. Ya ce an zo an yi bincike. Ba a kore shi ba, Masta ya rubuta cewa shi da bakinsa ya amsa. Amma an cire shi daga tasha an mayar da shi cikin masu bin layi da ƙafa suna ɗaure kusoshi, sai Juma'a-Juma'a zai riƙa kwana a gida, kuma an rage masa albashi. Buhun ƙauye ya koma rabi. An ja wa Baba Garba kunne a rubuce. An sa wa famfon tanki kwaɗo, mabuɗin yana aljihun Masta. Ya ce, "Ba mai gaishe ni a bariki." Na ce, "Ka ɗaga bargon nan ka gaida ƙafar 'yarka." Ya ɗaga. Ya daɗe bai sauke ba.

Kafin a sallame mu a mako na takwas, likita ya koya mini aiki. Kullum in sa auduga tsakanin yatsu ukun da suka rage don kada su manne. Kullum sau uku in kama tafin ƙafar in tura shi sama har ta yi kuka, in ba haka ba fatar za ta ja ƙafar ta sandare tana kallon ƙasa, ta yi tafiya a kan yatsu har abada. Ya ce, "Za ta tsane ki wata uku. Ki bar ta ta tsane ki."

Haka aka yi. Da muka dawo, uwar mijina ta ce mugunta ce, yarinya ta warke ina tayar mata da ciwo. Larai da ta hango ni da auduga sai ta ja gindi ta ɓuya bayan kakarta. Ina jawo ta. Maƙwabta suna jin ihun ta bango, Uwani tana cewa da ƙarfi, "Ta gama da mu ta koma kan 'yarta." Ban fasa ko sau ɗaya ba. Wata biyu tana rarrafe. Sannan ta dafa bango. Sannan wata Laraba direba mai gashin baki ya busa sau biyu, ina tsakar gida ina wanke-wanke, na juya ban gan ta ba. Tana bakin zana a tsaye, ba ta dafa komai ba, tana ɗaga masa hannu. Diddigenta a ƙasa.

Yanzu an kewaye ramin da tsofaffin katakon layi. Duk ranar jirgi Masta da kansa yake tsayawa har sabon mai toka ya juye garwa biyu. Ina jin tashin tururin daga ɗaki, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, har yau raina yana cewa kai, ruwa. Damina ba ta gyaru sosai ba. Mu duka muna zuwa rijiyar bayan dutse sau biyu a yini, ni ma da tuluna, ba wanda ya ɗauke mini. A hanya mata suna tafe gaba, ni da Saratu a baya.

To, ku matan sauran tashoshi. Na san abin da muka yi kuna yi, don masu birki sun faɗa mini. Ba zan ce ku daina jin ƙishirwa ba. Amma in kun sha ruwan toka, ku sani wuta kuka bari a buɗe inda 'ya'yanku ke wasa. In kuma tsautsayi ya faɗa, ruwa mai sanyi kawai, ba mai, ba zuma, ba ganye, kuma jirgin farko. Kada ku tsaya sauraron masu kirki. Duk wanda ya kawo mini kunu a makon nan, ba ƙafar Larai yake ji ba, randarsa yake ji. Ban ga laifinsu sosai ba, ni ma da 'yar wata ce wataƙila da na kai kunun.

Shekaranjiya Larai ta ce sai ta bi ni rijiya. Na ce da nisa, ta ce ita za ta iya. Na ba ta 'yar ƙwarya. Tana tafe tana ɗan ɗingishi, tana tsayawa tana hutawa, amma da ƙafarta ta je. A bakin rijiya inda ƙasa ke da laima, Uwani ta sauke tulu tana haki ta ce, ba ta dube ni ba, "Duk wannan wahala saboda bakin mutum ɗaya."

Na ce, "Yaya Uwani, dubi ƙasa."

Ta duba. Sawun yara ne birjik a cikin laka, sai guda ɗaya ƙarami na hagu mai yatsu uku, ya zagaye rijiyar ya bi bayan wata fara da ta tashi.

Na ce, "Da na yi shiru, da ramin sandar gurguwa za ki gani a wurin. Ɗauki tulunki mu tafi, rana na yi."

Ta ɗauki tulunta ta yi gaba. Amma da muka kamo hanya Larai ta gaji a hawan dutse, ni ga tulu a ka ga ciki wata bakwai, Uwani ce ta tsaya, ta tsuguna da tulunta a ka, ta ce, "Ke mai yatsu uku, hau." Har yau ba ta gaishe ni. Ban damu ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare ƙafafun 'ya'yanku. Wadda ta gama karantawa ta ba mai birki ya kai tasha ta gaba.